Zanen Watanni Goma Sha Biyu

Zanen Watanni Goma Sha Biyu, da Sinanci Shi'er Yueling Tu (十二月令圖), jerin naɗaɗɗun zane-zane ne guda 12 da masu zanen fadar daular Qing ta ƙasar Sin suka yi a kan siliki a ƙarni na 18. Kowane zane yana wakiltar wata ɗaya na kalandar gargajiya ta Sinawa, yana nuna bikin da ake yi a watan, da furen da ke buɗewa, da irin nishaɗin da ya dace da yanayin, tun daga bikin fitilu na watan farko har zuwa wasan dusar ƙanƙara na watan ƙarshe. Jeri biyu ne suka fi shahara. Ɗaya yana gidan adana kayan tarihi na fadar sarakuna da ke Beijing, ɗayan kuma yana takwaransa na birnin Taipei a tsibirin Taiwan.

Ana yawan amfani da waɗannan zane-zane a littattafai da kalandu domin nuna yadda Sinawan da suke bukukuwansu. Sai dai masana tarihin zane suna jan hankali cewa ba rahoton rayuwar jama'a ba ne. Hoto ne na shekara kamar yadda fada take so a gan ta, inda kowane abu ke zuwa a kan lokacinsa a ƙarƙashin sarki.

Suna da ma'anarsa

Sunan ya ƙunshi kalmomi huɗu. Shi'er (十二) na nufin goma sha biyu, tu (圖) kuma zane ko hoto. Yue (月) tana da ma'ana biyu, wato watan da ke sama da kuma watan da ake ƙirgawa a kalanda, daidai da yadda kalmar wata take a Hausa. Kalma ta huɗu, ling (令), tana nufin umarni ko doka. Saboda haka ainihin ma'anar yueling ita ce umarnin wata, wato abin da aka wajabta a yi da abin da aka hana a cikin kowane wata. Daga baya kalmar ta faɗaɗa har ta haɗa da yanayi da al'adun da suka keɓanta da watan, amma ma'anar farko ba ta ɓace ba.

Jerin Beijing yana da nasa sunan, Yongzheng Shi'eryue Xingle Tu, wato zanen nishaɗin sarki Yongzheng a watanni 12. Xingle tu wani nau'in zane ne da ake nuna babban mutum a cikinsa yana hutawa ko yana shaƙatawa, saɓanin hoton sarauta inda yake zaune a karaga cikin kayan mulki.

Kalandar da zanen ya bi

Kalandar gargajiya ta Sin tana bin wata da rana a lokaci guda. Kowane wata yana farawa da ranar da wata ya ɓuya gaba ɗaya, yana da kwana 29 ko 30, don haka watanni 12 suna ba da kimanin kwana 354. Wannan ya yi daidai da tsawon shekarar Hijira. Bambancin shi ne Sinawa suna ƙara wata na 13 kusan sau 7 a cikin kowace shekara 19, domin kada watanni su zame daga yanayinsu. Shi ya sa watan Azumi yake zagaya damina da rani da hunturu, amma watan biyar na Sinawa kullum a lokacin zafi yake faɗowa, sabuwar shekararsu kuma ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Wannan tsari ne ya ba da damar a keɓe wa kowane wata furensa da yanayinsa a zane.

An raba shekarar gida huɗu, kowanne da wata uku: bazara, wadda a can take nufin lokacin da sanyi ke janyewa itatuwa su yi toho, sai lokacin zafi, sai kaka, sai hunturu. Bayan haka akwai zango 24 da ake lissafawa da tafiyar rana, waɗanda manoma ke bi wajen shuka da girbi. Hukumar UNESCO ta sanya waɗannan zanguna a jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2016.

Asalin al'adar

Rubutu a kan ayyukan watanni ya daɗe ƙwarai a ƙasar Sin. Littafin Lüshi Chunqiu, wanda aka kammala wajen shekara ta 239 kafin miladiyya, ya ƙunshi babi 12 a kan watannin shekara. Kusan wannan bayanin ne ya shiga littafin Liji, ɗaya daga cikin manyan littattafan mabiya Confucius, a ƙarƙashin babi mai suna Yueling. Babin yana faɗin inda rana take a kowane wata, da tsuntsayen da ke zuwa, da launin tufafin da sarki zai sa: kore a bazara, ja a lokacin zafi, fari a kaka, baƙi a hunturu. Ya hana sare itatuwa da rushe sheƙar tsuntsaye a farkon bazara, ya kuma ajiye zartar da manyan hukunce-hukunce sai kaka. A ƙarshen kowane wata yana gargaɗin cewa idan sarki ya aiwatar da umarnin wani lokaci a lokacin da ba nasa ba, za a ga fari, ko ambaliya, ko annoba.

Bayan haka an sami littattafan da suka sauko da batun daga fada zuwa ga jama'a. Cui Shi ya rubuta Simin Yueling a ƙarni na 2 domin tsara ayyukan gidan gona wata bayan wata. Zong Lin ya rubuta Jingchu Suishiji a ƙarni na 6, inda ya jero bukukuwan yankin tsakiyar kogin Yangtze daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. A ƙarni na 12 Meng Yuanlao ya bayyana bukukuwan Kaifeng, babban birnin daular Song ta Arewa, bayan birnin ya faɗa hannun mayaƙan Jurchen a 1127.

Masu zane ma sun bi sahu. Wang Zhenpeng na zamanin daular Yuan ya shahara da zanen tseren kwale-kwale. A 1485 an yi wani dogon zane da ke nuna sarki Chenghua na daular Ming yana kallon wasannin bikin fitilu a fadarsa. Wajen ƙarshen daular Ming, Wu Bin ya yi kundi mai shafi 12 a kan bukukuwan shekara. Masu zanen fadar Qing sun gaji wannan duka, suka mai da shi manyan zane-zanen bango.

Siffa da kayan aiki

Zanen gargajiya na Sin yana zuwa a manyan siffofi uku. Akwai naɗin ratayewa, wanda ake warwarewa daga sama zuwa ƙasa a rataye a bango. Akwai naɗin hannu, mai tsawon mita da yawa, wanda ake buɗewa kaɗan-kaɗan a kan tebur daga dama zuwa hagu. Akwai kuma kundi mai shafuka. Zanen Watanni Goma Sha Biyu naɗin ratayewa ne. A jerin Taipei tsayin kowane zane ya kai kimanin santimita 175, faɗinsa kimanin santimita 97. Na Beijing sun ɗan fi haka girma.

Kafin a fara zane ana shafa wa silikin ruwan alif da danƙo domin kada tawada ta bazu. Tawadar baƙa ana yin ta da baƙin hayaƙin itace ko na mai, a cuɗa da danƙo a busar, sannan a goga a kan dutse da ruwa idan za a yi aiki. Yawancin launuka masu ƙarfi daga duwatsu ake niƙo su, shuɗi da kore daga ma'adinan tagulla, ja kuma daga wani dutse mai ɗauke da zaiba. Idan an gama, sai masu harhaɗawa su manna takardu a bayan silikin da kunun alkama, su yi masa gefe da yadi mai ado, su sa sanda a sama da wata mai nauyi a ƙasa wadda ake naɗe shi a kanta.

Ba a barin irin wannan zane a bango shekara da shekaru. Al'adar masu ilimi da fada ita ce a rataya zanen da ya dace da lokaci, idan lokacin ya wuce a naɗe shi a mayar akwati a ɗauko wani. Jeri mai zane 12 ya dace da wannan al'ada sosai, domin kowane wata yana da nasa.

Jerin Beijing da jerin Taipei

Jerin Beijing yana da alaƙa da sarki Yongzheng, wanda ya hau mulki a 1722 ya rasu a 1735. Ana ganin fuskarsa a cikin zane-zanen, yana tsaye ko zaune a tsakanin jama'a. Gine-gine da tafkunan da ke ciki ana danganta su da Yuanmingyuan, lambun da ke arewa maso yammacin Beijing wanda mahaifinsa, sarki Kangxi, ya ba shi tun yana yarima. Bayan ya zama sarki ya faɗaɗa lambun, ya riƙa gudanar da mulki daga can tsawon watanni a shekara, a can kuma ya rasu.

Jerin Taipei yana bin kusan tsari ɗaya da na Beijing wajen jera gine-gine da duwatsu da ruwa, amma babu fuskar sarki a cikinsa. Yawancin masana suna ɗaukarsa aikin farkon zamanin sarki Qianlong, ɗan Yongzheng, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796. Babu sa hannun mai zane a jikinsu. Bisa la'akari da salo, ana danganta aikin ga masu zanen fada irin su Tang Dai da Ding Guanpeng tare da abokan aikinsu. A fadar Qing an saba raba babban aiki, wani ya zana duwatsu da itatuwa, wani gine-gine, wani mutane, bayan sarki ya duba daftarin ya amince.

Abin da ke cikin kowane wata

Watan farko na kallon fitilu ne. Bikin Yuanxiao yana faɗowa ranar 15 ga wata, daren da wata ke cika karo na farko a sabuwar shekara, kuma shi ke rufe shagulgulan sabuwar shekara. A zanen an rataye fitilu a baranda da farfajiya, ana wasan wuta, yara suna kai da kawo, ga furen mei da ke buɗewa tun sanyi bai gama tafiya ba.

Watan biyu na fita yawo ne a kan sabuwar ciyawa, abin da Sinawa ke kira taqing. Itatuwa sun yi fure, mata suna lilo a cikin gida, maza kuma sun fita bayan gari.

Watanni na uku da na huɗu sun bambanta tsakanin jerin biyu. A jerin Taipei watan uku ne ke nuna zaman liushang, inda masu ilimi ke zama a bakin ƙorama mai lanƙwasa, a saki ƙoƙon giya a kan ruwa, duk wanda ya tsaya a gabansa sai ya tsara waƙa ko ya sha. Wannan ya dace da bikin Shangsi na ranar 3 ga watan uku, yana kuma tuna zaman da mashahurin marubuci Wang Xizhi ya yi da abokansa a Lanting a shekarar 353. Watan huɗu na Taipei na kallon furen mudan ne, wanda Sinawa ke ɗauka alamar arziki. A sunayen da aka ba jerin Beijing kuwa, watan uku na kallon furen itacen tao ne, zaman bakin ƙorama kuma ya koma watan huɗu.

Watan biyar na tseren kwale-kwale ne. Bikin Duanwu na ranar 5 ga watan biyar ana danganta shi da Qu Yuan, mawaƙi kuma jami'in ƙasar Chu, wanda aka ce ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin miladiyya saboda baƙin cikin halin da ƙasarsa ta shiga. Gaban kowane jirgi an sassaƙa shi da kan long, dabbar almara mai jikin maciji da Sinawa ke dangantawa da ruwa da sarauta. Wannan na daga cikin zane-zanen da suka fi motsi a jerin, ga jirage da tutoci a ruwa, ga 'yan kallo cike da rumfuna.

Watan shida shi ne tsananin zafi, don haka ba biki a cikinsa sai neman sanyi. Tafki ya cika da furen hehua, mai kama da bado, ana shiga da ƙananan jirage ana tsinka, wasu kuma suna zaune a benaye masu iska.

Watan bakwai na bikin Qixi ne, daren 7 ga wata. Tatsuniya ta ce Zhinü mai saƙa da Niulang makiyayi, taurari biyu da farin kogin sama ya raba, suna haɗuwa sau ɗaya a shekara a wannan dare a kan gadar da tsuntsaye suka yi musu. 'Yan mata suna ajiye 'ya'yan itace a kan tebur a fili, suna zura zare a allura a hasken wata, suna roƙon gwanintar hannu. Daga nan sunan zanen, qiqiao, ya samo asali, wato roƙon gwaninta.

Watan takwas na kallon wata ne a bikin tsakiyar kaka, ranar 15 ga wata, lokacin da iyali ke taruwa. An nuna liyafa a kan dandamali mai tsayi, da masu kiɗa, da wata a sama.

Watan tara na furen juhua ne. Ranar 9 ga watan tara, bikin Chongyang, ana hawan tudu ana kuma jera tukwanen wannan fure. Da yake yana buɗewa bayan sauran furanni sun bushe, an mai da shi alamar tsawon rai da juriya.

Watan goma ba shi da babban biki a zanen. Sanyi ya fara, harkoki sun koma cikin ɗaki, ana duba tsofaffin zane-zane da kayan tarihi, wani mai zane kuma yana ɗaukar hoton mutumin da ke zaune a gabansa.

Watan goma sha ɗaya shi ne wanda rana mafi gajarta ta shekara, Dongzhi, take faɗowa a cikinsa. Sunan zanen a jerin Beijing shi ne canchan, wato zaman tunani irin na mabiya ɗariƙar Chan ta addinin Buddha.

Watan goma sha biyu na dusar ƙanƙara ne. Duwatsu da rufin gidaje sun yi fari, tafki ya daskare ana jan mutane a kansa, manya suna jin ɗumi a ɗaki, yara kuma suna gina zaki da dusar ƙanƙara a tsakar gida.

Salo

Kowane zane an tsara shi kamar mai kallo yana tsaye a wuri mai tsayi. A ƙasa akwai farfajiya da mutane a kusa, a tsakiya gine-gine da ruwa, a sama kuma duwatsu masu nisa da hazo. Ido yana hawa daga ƙasa zuwa sama yana tarar da ƙananan al'amura da yawa da ke faruwa a lokaci guda. An zana gine-ginen da wata tsohuwar dabara mai suna jiehua, inda ake jan layi da taimakon ma'auni domin ginshiƙai da rufi su fito daidai.

Abin da ya bambanta su da zanen zamanin Song da Ming shi ne tasirin Turai. 'Yan mishan na ɗariƙar Jesuit sun yi aiki a fadar Qing, mafi shahara a cikinsu shi ne Giuseppe Castiglione, wanda aka haifa a Milan ta Italiya a 1688, ya iso Sin a 1715, ya rasu a Beijing a 1766. Sinawa sun san shi da suna Lang Shining. Ta hanyarsu masu zanen fada suka koyi dabarar nuna nisa da kusa, wadda ke sa layukan gini su riƙa matsewa yayin da suke nisa da mai kallo. Wani jami'i, Nian Xiyao, ya buga littafi a kan wannan dabara mai suna Shixue a 1729, ya sake faɗaɗa shi a 1735. A Zanen Watanni Goma Sha Biyu ana ganin dabarar a barandu da katangu, tare da 'yar inuwa mai sauƙi, amma duwatsu da itatuwa sun tsaya a kan salon Sin. Wannan gauraye ne ya sa wasu ke danganta jerin Beijing ga Castiglione kansa, ko da yake babu sa hannunsa a jiki.

Lokaci da sarauta

A daular Sin tsara kalanda haƙƙin sarki ne shi kaɗai. Ma'aikatar nazarin taurari ce ke lissafa ta, ana kuma shelanta kalandar shekara mai zuwa a fada ranar 1 ga watan goma. Doka ta hana kowa buga tasa. Da daular Qing ta kama Beijing a 1644, ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne fitar da sabuwar kalanda mai suna Shixian a 1645, wadda ɗan mishan Bajamushe Adam Schall von Bell ya taimaka wajen lissafinta. Karɓar kalandar sarki alama ce ta mubaya'a. Don haka zanen da ke nuna watanni 12 suna tafiya lami lafiya, kowanne da furensa da bikinsa, yana ɗauke da saƙon cewa mulki yana kan daidai.

Batun tufafi ya ƙara fito da wannan. Sarakunan Qing 'yan ƙabilar Manchu ne daga arewa maso gabas, ba 'yan Han ba, waɗanda su ne mafi yawan jama'ar ƙasar. A 1645 sun tilasta wa mazan Han aske gaban kai da yin kitso guda a baya, dokar da ta jawo tawaye da kashe-kashe a kudancin ƙasar. Amma a cikin waɗannan zane-zane mutane suna sanye da manyan riguna irin na Han na zamanin da, har da shi Yongzheng. Wannan shiga ba ita ake gani a titunan Beijing na ƙarni na 18 ba.

Masana sun yi wa al'amarin fassara iri-iri. Wasu na ganin sarkin yana nuna kansa a matsayin magajin ilimi da al'adun Han, domin ya jawo zukatan malamai da jami'ansu. Wasu na ganin al'adar zane ce kawai, domin an saba nuna nishaɗin masu ilimi cikin tufafin da. Wasu kuma suna haɗa shi da wani kundi da ke Beijing, inda aka zana Yongzheng cikin shiga daban-daban, sau ɗaya a matsayin malamin Tao, sau ɗaya limamin Buddha na Tibet, sau ɗaya ma da gashin kanti irin na Turawa yana fuskantar damisa. A wannan fassarar, sarkin yana nuna cewa shi ne shugaban dukan al'ummomin daularsa. Abin lura shi ne sarakunan Qing sun riƙa gargaɗin 'yan Manchu kada su bar tufafinsu, don haka shigar ta tsaya a kan siliki.

Rayuwar Yongzheng ma ba ta yi kama da hutun da aka zana ba. An san shi da yawan aiki, yana karanta rahotannin jami'ai yana rubuta amsa da jar tawada har cikin dare. Bai yi rangadin kudancin ƙasar ba kamar yadda mahaifinsa da ɗansa suka yi sau shida kowannensu.

Amfaninsu ga masu bincike

Zane-zanen suna da amfani wajen sanin siffar gine-gine, da kayan ɗaki, da fitilu, da jirage, da wasannin yara, da kuma bukukuwan da fada take ɗauka da muhimmanci. Tun da sojojin Birtaniya da Faransa suka wawashe Yuanmingyuan a watan Oktoban 1860, aka kuma cinna masa wuta bisa umarnin Lord Elgin, duk wani zane da ke da alaƙa da lambun ya ƙara daraja ga masu nazarinsa. Duk da haka ba taswira ba ne, domin masu zanen sun haɗa abin da suka gani da abin da suka ƙaga.

Akwai kuma abubuwan da ba su nuna ba. Babu fari, babu ambaliya, babu yunwa, alhali ƙasar ta sha fama da su a wannan ƙarni. Manoma da masunta, inda suka bayyana, ƙanana ne can daga nesa. Wasu muhimman al'adun jama'a, kamar sharar kaburburan kakanni a lokacin Qingming, ba su ne jigon kowane zane ba. Ɗalibin da ke son sanin yadda talakawa suka yi bukukuwansu sai ya haɗa da littattafan tarihin gundumomi da hotunan sabuwar shekara da ake bugawa da katako ana sayarwa a kasuwa.

Yadda aka raba su

Jerin biyu sun kasance cikin taskar fada har bayan faɗuwar daular Qing a 1912. An fitar da sarki na ƙarshe, Puyi, daga fada a 1924, aka buɗe ta a matsayin gidan adana kayan tarihi ranar 10 ga Oktoba, 1925. A 1933, saboda barazanar sojojin Japan, aka kwashe dubban akwatuna zuwa Shanghai, daga nan zuwa Nanjing, sannan zuwa yammacin ƙasar bayan yaƙi ya ɓarke a 1937. A ƙarshen 1948 da farkon 1949, lokacin yaƙin basasa, gwamnatin Kuomintang ta tsallaka da akwatuna 2,972 na kayan fadar zuwa Taiwan. An buɗe musu gida a Taipei a 1965. Ta haka jeri ɗaya ya kasance a Taipei, ɗayan kuma a Beijing.

Haske da danshi suna lalata siliki da launi, don haka ba a baje irin waɗannan zane-zane sai na ɗan lokaci, yawanci watanni kaɗan, sannan a mayar da su ma'ajiya su huta. Mafi yawan mutane a yau sun san su ne ta hotunan da aka buga a littattafai da kuma intanet.

Wasu ayyuka masu alaƙa

Qingming Shanghe Tu na Zhang Zeduan, daga farkon ƙarni na 12, naɗin hannu ne mai tsawon mita 5.28 da ke nuna hada-hadar birni da kogi, yana kuma Beijing. A 1736 masu zanen fada biyar, Chen Mei, Sun Hu, Jin Kun, Dai Hong da Cheng Zhidao, sun kammala wa Qianlong wani sabon samfurinsa mai tsawon fiye da mita 11, wanda ke Taipei. Shi Chen Mei ya kuma yi kundi mai shafi 12 a 1738 a kan nishaɗin matan fada wata bayan wata. Ta ɓangaren aikin gona akwai Gengzhi Tu, zanen noman shinkafa da saƙar siliki, wanda Jiao Bingzhen ya yi wa sarki Kangxi a 1696 cikin hotuna 46. Yongzheng ya sa an yi masa nasa samfurin, inda aka zana shi a matsayin manomin.